Shayin da ba a dafawa: yadda mutanen Sin ke haɗa ulon

  

Hirarmu ta yau a kan shayi take. Na san wani zai ce, to, mu za a koya wa shayi? Gaskiyarka, malam. Mutumin da ke yawo da buta da gawayi a jakarsa, ba mai koya masa yadda ake tada kumfa. Sai dai akwai wani ganye da ake kira ulon, wanda in ka yi masa irin dahuwar da muka saba, ka ɓata shi, ka ɓata kuɗinka.

Ku duba kwalin koren ganyen da kuke saye. Galibinsa daga ƙasar Sin yake zuwa, wadda wasunmu ke kira Caina, da lambobinsa a jiki, irin su 4011 da 41022 da 9371. Mutanen da ke aiko mana da wannan ganye, a kudancin ƙasarsu akwai inda ulon ne shayinsu na yau da kullum. Alhazanmu masu zuwa Gwanzu saro kaya sun san haka. Ka shiga shago, kafin a fara maganar kuɗi sai a zaunar da kai, a miƙo maka wani ɗan mitsitsin kofi mai ƙamshi. Wani lokaci har a haɗo ka da kwali guda tsaraba. A jikin kwalin za ka ga an rubuta Oolong ko Wulong. Alhaji ya dawo gida ya miƙa wa yaro, yaro ya zuba a buta, ya aza a garwashi, ya tafasa, ya juye sukari, ya sake tafasawa. Abin da zai fito, ɗaci ne da bauri, ƙamshin kuwa ya bi tururi ya tafi. Daga nan sai a ce ganyen ba shi da kyau, a jefa kwalin bayan akwati.

Wane ganye ne wannan?

Itacen shayi guda ne. Da koren ganyen da muke sha, da baƙin shayin da mai tebur ke haɗawa da madara da burodi, da ulon, duk itace ɗaya ke ba da su, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila ta jihar Taraba. Bambancin a hannun masu sarrafa ganyen yake.

Kun san goro in an ɓare shi an bar shi iska ta buga, launinsa yakan juya ya yi duhu. Ganyen shayi ma haka yake yi in ya ƙuje. Mai yin koren shayi ba ya barin ganyen ya juya. Da an tsinko sai a kai shi wuta, zafi ya tsayar da shi, ya zauna kore. Mai yin baƙin shayi kuwa yakan murje shi ya bar shi ya juya gaba ɗaya. Ulon yana tsakaninsu, kuma tsayar da shi a tsakanin nan shi ne aikin.

Sukan tsinko ganyen da ya ɗan ƙosa, su shanya shi a rana kaɗan har ya yi yaushi. Sai a shiga da shi inuwa, a zuba a manyan faya-fayan gora, ana girgizawa ana watsa shi sama, a bar shi ya huta, a sake girgizawa. Sau da yawa a kan wannan aiki ake kwana. Bakin ganyen ya ƙuje ya yi ja, tsakiyarsa tana nan kore, ƙamshi kamar na fure ya fara tashi. Gwanin da ke tsaye a kai, hancinsa ne ma'auninsa. Da ya ji ƙamshin ya kai inda yake so, sai a juye ganyen a kasko mai zafi, a murɗe shi, a busar. Wani kuma sai an gasa shi sa'o'i masu yawa a kan garwashin da aka lulluɓe da toka. Duk wannan wahala don ƙamshi ake yin ta, shi ya sa tafasa ganyen a buta ke zama asara.

Asalin wannan shayi lardin Fujiyan ne, a kudu maso gabashin Sin. A kudancin lardin, gundumar Anshi ke yin wanda ake rubutawa Tie Guan Yin. Shi a dunƙule yake zuwa, ƙwaya-ƙwaya kamar wake, kuma yawancin na kasuwa yanzu kore-kore ne. A arewacin lardin, a duwatsun Wuyi, ana yin dogon ganye murɗaɗɗe, mai duhu, gasasshe. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Da Hong Pao, wato babbar jar riga. Tsofaffin itatuwansa na asali guda 6 suna nan a jikin wani dutse, kuma tun 2006 aka daina tsinkar ganyensu. Saboda haka ɗan kasuwa, duk wanda ya ce zai sayar maka da ganyen waɗannan itatuwa, riƙe aljihunka. Na kasuwa daga wasu gonaki yake fitowa, kuma akwai mai kyau ƙwarai a ciki. Lardin Gwandon, inda Gwanzu take, yana da nasa, Dan Cong, daga tsaunukan da ke kusa da birnin Cawjo. Tsibirin Taiwan ma ya shahara da nasa, irin su Dong Ding.

Wani abin da zai ba ku mamaki: su ma mutanen Sin a da can tafasa shayi suke yi, har da ɗan gishiri. Haka wani masani, Lu Yu, ya bayyana a littafinsa na shayi wajen shekara ta 760. A 1391 sarkin farko na daular Min ya hana a riƙa kawo wa fada shayin da aka curo kamar dawo, ya ce a kawo ganye sake. Daga nan jiƙa ganye a buta ya yaɗu. Hanyar da zan faɗa muku mutanen Cawjo da Fujiyan ne suka goge ta, suna kiranta gunfu ca. Kalmar gunfu ita ce dai kunfu ɗin da kuke ji a finafinan faɗa. Ma'anarta ƙwarewar da mutum ya samu ta hanyar daɗewa yana yin abu. A 2022, a taron da aka yi a Rabat ta Maroko, hukumar UNESCO ta sa dabarun sarrafa shayi na Sin da al'adun shansa cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Kayan aiki

Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce: ganye mai yawa, ruwa kaɗan, lokaci gajere, a yi ta maimaitawa. Ruwa kaɗai ke hawa wuta. Ganye ba ya hawa.

Don haka buta biyu kake buƙata. Ta farko ta tafasa ruwa, ita ke kan gawayi. Ta biyu ƙarama, ita ke riƙe da ganye, tana ƙasa a kan faranti. A Sin, ta biyun nan ko dai ƴar butar yumɓu ce, ko wani kwanon tangaran mai murfi da ɗan faranti a ƙasa, wanda suke kira gaiwan. Yakan ci mililita 100 zuwa 150, kamar cikin ƙananan kofunan shayinmu biyu ke nan. Kofunan shansu kuwa, kurɓa biyu ko uku ka gama.

Butocin yumɓun da suka fi daraja na garin Yishin ne, a lardin Jiyansu. Ba a shafe cikinsu da komai, shi ya sa suke shan ƙamshin ganye kamar yadda sabuwar randa ke shan ruwa. Ba a wanke su da sabulu, ruwan zafi kawai, kuma mai buta yakan ware ta ga ganye iri ɗaya. Matan ruga ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, don ba mai zuba miya a ƙwaryar nono.

Wanda ba shi da gaiwan, kada ya ce ya rasa. Ƙaramar butar nan ta shayi ta isa, in dai sabuwa ce, ko kuwa an wanke ta tas ba sauran sukari da na'a-na'a da kanumfari. Ƙananan kofunanmu na kwalba su ma sun yi. Sai faranti mai ɗan zurfi ko tasa, don a wannan haɗi ruwa yana zuba da yawa.

Ruwa

Ulon ba ya ɓoye laifin ruwa, tunda ba sukarin da zai rufe. Lu Yu ya jera ruwa hawa uku: na idon ruwan dutse a gaba, na kogi a tsakiya, na rijiya a baya. Mu kam yawancinmu rijiya gare mu, ko fanfo, ko tafki. Abin lura shi ne ɗanɗano. Rijiyar da ruwanta ke da kanwa-kanwa ko gishiri-gishiri tana dushe launin shayi, tana kashe ƙamshi. In kana da zaɓi tsakanin rijiya biyu, ɗebo wadda ruwanta ya fi daɗi a baki. Ruwan fanfo mai warin magani, tara shi a buɗe ya kwana.

Kai ɗan'uwa makiyayi da ke ɗiba a tafki ko gulbi, ka bari ruwan ya kwanta, ka tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan ka bar shi ya tafasa sosai, yana ɓul-ɓul, aƙalla minti guda. Wannan maganar lafiyarka ce, ta fi ta ƙamshi. A dahuwar da muka saba ruwa yana daɗewa a wuta, shi ya sa ba ma tunanin haka. A nan kuwa in ka yi gaggawa ka sauke, ɗanyen ruwa za ka sha.

Gasasshen ganye mai duhu yana son ruwa da zafinsa, daga wuta sai buta. Kore-koren kuwa, sauke ruwan ka ba shi kamar minti guda ya huce kaɗan, ya sauko wajen digiri 90 zuwa 95. Gawayi ya zama ya kama sosai, ba hayaƙi. Mutanen Cawjo har gawayin ƙwallon zaitun suke nema saboda wutarsa ba ta da wari. In da kara ko kashin shanu kake hura wuta, rufe butar ruwa da kyau, ka ajiye ganyen inda hayaƙi ba ya bi.

Yadda ake haɗawa

Da farko ka ɗumama kaya. Zuba tafasasshen ruwa a butar ganye tun ba komai a cikinta, ka juye shi a kofuna, ka zubar. Ƙaramar buta in tana da sanyi, nan take take shanye zafin ruwa.

Sai ganye. Ga buta mai cin mililita 100 zuwa 120, giram 5 zuwa 8 ake sawa. Dunƙulallen yakan zo a ƴan ƙananan ledoji da aka zuƙe wa iska, kowace giram 7 ko 8, leda ɗaya buta ɗaya ke nan. In ba ma'auni, dunƙulalle ya rufe gindin buta kawai, don kumbura yake yi har ya cika ta. Dogon ganye kuwa ba ya da nauyi, sai ka kai shi rabin buta. Rufe, ka ɗan girgiza, ka buɗe ka shinshina. Ɗumin buta zai tada ƙamshin, a nan za ka fara sanin abin da ka saya.

Ruwan farko na wanki ne. Ka cika buta, ka share kumfar da ta taso da bakin murfi, ka juye nan take a kan kofuna, ka zubar. Kun ji bambanci ko? Mu kumfa muke nema, su share ta suke yi. Wannan ruwa yana wanke ƙura, yana kuma sa ganye ya fara saki.

Yanzu sai na sha. Ka zuba ruwa ta gefen buta, kana zagayawa, ka rufe. In butar yumɓu ce, ka kwarara ruwan zafi a bayanta. Sai ka ƙirga a hankali. Dogon ganye, ɗaya zuwa goma ko goma sha biyar. Dunƙulalle, zuwa ashirin ko talatin, don bai gama buɗewa ba. Da ƙirga ta cika sai ka tsiyaye.

Wajen tsiyayewa akwai dabara. Ruwan da ya fara fitowa bai kai na ƙarshe ƙarfi ba, in ka cika kofi ɗaya sannan ka koma na biyu, wani zai sha salam, wani ya sha ɗaci. Mutanen Cawjo sukan jera kofi uku suna taɓa juna, su sauko da bakin buta ƙasa-ƙasa, su riƙa zagayawa a kansu ba tsayawa har su cika tare. Wannan suna ce masa Gwan Gun na zaga gari. In ya rage ɗigo-ɗigo, sai a raba shi kofi-kofi, shi kuma ana ce masa Han Shin na ƙirga dakaru. Dukansu sunayen tsofaffin jarumawan yaƙinsu ne. Mai son sauƙi sai ya juye duka a kofi babba guda, ya raba daga nan.

Abin da ba a sakaci da shi: kada ka bar ko kaɗan na ruwa a cikin buta. Wanda ya rage zai ci gaba da jiƙa ganyen, zubi na gaba ya fito da bauri. Ka tsiyaye tas, ka ɗan karkace murfin ganye ya sha iska.

Sai ka sake zuba ruwa, ka sake ƙirgawa. A zubi na biyu da na uku ganye ya buɗe, ba ya son a daɗe, ƙirgar farko ta isa. Daga na huɗu ka riƙa ƙara biyar ko goma. Mu a uku muke tsayawa, amma ulon mai kyau yakan ba da zubi biyar zuwa takwas, kuma kowane da ɗanɗanonsa. In ya yi maka ɗaci, rage ƙirga ko rage ganye. In ya yi salam, ƙara ƙirga, ko ka duba ko ruwanka ya huce.

Ba a sa masa sukari, ba a sa madara. Na san nan ne gardama take. Harshen da ya saba da zaƙi, kofin farko zai ji kamar ruwan zafi aka ba shi. Ka shinshina tukuna, ka kurɓa kaɗan, ka bar shi ya zaga baki, ka haɗiye, ka ɗan dakata. Wani zaƙi-zaƙi zai taso daga maƙogwaro, irin wanda kake ji in ka sha ruwa bayan cin goro. Wannan zaƙin na baya shi masu ulon ke biyan kuɗi a kai.

Ladabin zama

Alhaji, in ka zauna a shagon abokin cinikinka a Gwanzu, ga abin da za ka gani. Baƙo da babba ake fara miƙa wa, mai haɗawa shi ne na ƙarshe. In an zuba maka, ba sai ka katse magana ba, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Suna ba da labarin wani sarkinsu da ya ɓad da kama ya shiga gari, ya zuba wa baransa shayi, baran ya rasa yadda zai faɗi gaisuwa ba tare da ya tona asirin ubangidansa ba, sai ya lanƙwasa yatsu ya buga tebur. Kuma muddin kana shanye kofinka, za a yi ta cika maka. In ka ƙoshi, bar shi da shayi a ciki.

Ga mai son sarowa

Ganyen shayi maƙwabcinsa yake kwaikwayo. Ka ajiye shi kusa da turare, ko sabulu, ko jarkar fetur, ko buhun barkono, cikin ƴan kwanaki ya ɗauki warinsu, kuma ba ya saki. A mota ma ka duba abin da aka ɗora kusa da shi. Gwangwani mai murfi gam, a inuwa, nesa da danshi, shi ne ma'ajiyarsa.

Na biyu, zafin ƙasarmu. Kore-koren Tie Guan Yin ba ya jure zafi, a Sin ma a firji masu shago ke ajiye shi. In ya yi bazara guda a rumfar kwano, ƙamshinsa ya tafi. Gasasshe mai duhu ya fi juriya, kuma ɗanɗanonsa mai ƙarfi ya fi kusa da abin da bakin mutanenmu ya saba. Wanda zai gwada kasuwa, da shi ya kamata ya fara, kuma kaɗan.

Na uku, kada ka saya sai an haɗa maka ka sha, can al'ada ce, ba mai jin haushi. In an gama, ka ce a juye maka jiƙaƙƙen ganyen a faranti. Mai kyau za ka gan shi ganye cikakke, mai laushi. In gutsattsari ne da itace-itace, araha ba ta ado. Ka lura da zubi na uku da na huɗu: ganyen da aka fesa wa ƙamshi yakan cika hanci a kofin farko, a na uku ya zama ba komai. Akwai wanda ake tallarsa da sunan ulon mai madara. Ba nono a cikinsa. Wani irin itace ne na Taiwan mai ɗan ƙamshin madara, kuma da yawa na kasuwa ƙamshin ƙara masa aka yi.

In ka kawo, ka sayar da shi tare da bayani. Wanda ya saya ya je ya tafasa ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa goma. Ka ajiye buta a rumfa, ka haɗa wa mai saye a gabansa, gani ya kori ji.

Maganar lafiya

Za ku ji masu talla na cewa ulon yana narkar da teɓa, yana maganin ciwon sukari da hawan jini. Shayi ne, jama'a. Mai ciwon sukari zai amfana da cewa ba a zuba masa sukari, amma kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi. Yana ɗauke da sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da gahawa, don haka mai juna biyu ta rage, yara ƙanana kuma a bar su. Shan mai ƙarfi da yunwa yana kawo jiri da rawar hannu, a taɓa dabino ko gyaɗa tukuna. Kuma kowane irin shayi, in an sha shi tare da abinci, yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Mai fama da ƙarancin jini ya bari sai an yi kamar sa'a guda da cin abinci.

To jama'a, wanda ke da kwalin tsaraba a bayan akwati, ya fiddo shi yau, ya shinshina. In bai ɗauki warin turare ba, a wanke buta, a kira maƙwabta mutum biyu, a jera kofi uku. Abin da kuka ji a zubi na uku, ku aiko mana da labarinsa ta hanyar da kuka saba aiko da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba. Masu tafiya kiwo, a dawo lafiya. Masu tsallaka iyaka da kaya, Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.